Daga Maƙera Zuwa Farantin Rana: Bayani A Kan Ilimin Kwantom

Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ya ga wannan abu da idonsa. Maƙeri ya cusa ƙarfe cikin gawayi, yaro yana zuga. Da fari ƙarfen baƙi ne, ko da yake ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi. In an jima sai ya yi ja mai duhu kamar goro. In aka ci gaba da zuga sai jan ya buɗe, ya koma ruwan ɗorawa, daga ƙarshe ya yi fari fat har ido ba ya son dubansa. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi, launin nan shi ne ma'auninsa, da shi yake sanin lokacin da ƙarfe ya isa bugu. Wannan abu da maƙera suka sani tun kaka da kakanni shi ne ya gagari manyan masanan Turai bayani a ƙarshen ƙarni na 19, kuma wurin neman amsarsa ne suka faɗa cikin wani sabon ilimi wanda ake kira ilimin kwantom.

Ran 7 ga Yuni 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da shawara cewa shekarar 2025 ta zama shekarar tunawa da wannan ilimi, saboda cikarsa shekara 100 da tsayuwa da ƙafafunsa. Ƙasar Gana ce ta gabatar da takardar shawarar. Sunan yana yawo a gidajen radiyo, yana kuma yawo a bakin wasu masu sayar da magani, saboda haka ya kamata jama'a su san abin da yake nufi da abin da ba ya nufi. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta kuwa “nawa?”, irin tambayar da ake yi a kasuwa. Faransawa suna cewa kantik. Ba ta da wata dangantaka da kwanciya, ko da yake kunnen Bahaushe can yake fara kai ta.

Harshen wannan ilimi na ainihi lissafi ne. Bayanin da ke tafe ba shi da lissafi, misalai ne kawai, misali kuwa kamar kwatancen hanya ne: yana nuna gari, amma ba shi ne garin ba.

Ba a raba dala

A shekarun 1890 ƙasar Jamus tana ƙera fitilu masu yawa, na gas da na lantarki, kuma gomnatinta tana da ma'aikatar awo a birnin Barlin inda ake auna hasken da abu mai zafi yake fitarwa, launi bayan launi. Awon ya yi kyau, amma ba a sami lissafin da ya dace da shi ba. A tsohon ilimi an ɗauka cewa ƙarfi, wato zafi da haske da makamantansu, yana zuba kamar ruwa ne: ana iya ba da tulu, ko moɗa, ko ɗigo, ko rabin ɗigo, babu iyaka ga ƙanƙanta. Daga baya ma an nuna cewa in aka bi wannan tunani har ƙarshensa, ko murhun girki zai riƙa fitar da haske mai ƙuna marar iyaka, abin da kowace mai girki ta san ƙarya ne.

Ran 14 ga Disamba 1900 wani malamin jami'ar Barlin mai suna Max Planck, yana da shekara 42, ya kawo mafita gaban taron masana. Ya ce a ɗauka ƙarfi ba ya fita sai ƙwaya ƙwaya, kamar yadda ake biyan kuɗi a kasuwa: dala ɗaya, dala biyu, dala goma, amma babu mai ba da rabin dala. Ya ƙara da cewa girman ƙwayar ya danganta da launin hasken. Ƙwayar jan haske ƙaramin kuɗi ce, ta rawaya ta fi ta, ta shuɗi ta fi su duka tsada. Da wannan sai maganar maƙera ta warware. Ƙarfen da bai yi zafi sosai ba talaka ne, ƙananan kuɗi kaɗai yake iya biya, shi ya sa yake ja. In zafi ya ƙaru ya sami halin biyan manya, sai rawaya da tsanwa da shuɗi su shigo, haɗuwarsu duka kuwa ita ce fari.

Planck mutum ne mai riƙo da tsohuwar hanya, shi kansa bai so amsar tasa ba. Ya ɗauke ta dabarar lissafi ce kawai, ya kuma yi shekaru yana neman yadda zai rabu da ita, bai samu ba.

Mai karatu yana iya tambaya, in haske ƙwaya ƙwaya ne, don me ido ba ya ganin haka? Dalili shi ne ƙanƙantar ƙwayoyin da yawansu. In mai awo yana zuba hatsi daga tiya cikin buhu, wanda ya tsaya nesa gani yake kamar ruwa ke zuba. Ampul ɗaya na ɗaki yana fitar da ƙwayoyin haske fiye da miliyar sau miliyar cikin sakan guda.

Wanda ya ɗauki maganar da gaske wani saurayi ne ɗan shekara 26, Albert Einstein, ma'aikaci a ofishin rajistar sababbin ƙere-ƙere a birnin Bern na ƙasar Suwis. A lokacin an riga an san cewa cikin kowane abu akwai wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira elektoron, waɗanda gudunsu cikin waya shi ne wutar lantarki. An kuma lura cewa in aka haska farantin tutiya da wani haske wanda ya wuce shuɗi, wanda ido ba ya gani, sai elektoron su riƙa tsalle suna fita, ko da hasken kaɗan ne. Amma jan haske, komai yawansa, ba ya fitar da ko ɗaya. A 1905 Einstein ya ce abin ba shi da wuya in an yarda cewa shi hasken kansa ƙwayoyi ne masu tafiya, kuma kowane elektoron daga ƙwaya ɗaya yake karɓar bugu. Yara ɗari suna iya wuni suna watsa wa goruba rairayi, ba za su kaɗo ko ɗiya ɗaya ba. Yaro guda mai dutse ya kaɗo. Masana sun ƙi wannan magana shekara da shekaru. Wani Ba'amurke, Robert Millikan, ya ɗauki wajen shekara goma yana gwaji da niyyar ƙaryata ta, a 1916 awonsa ya gaskata lissafin Einstein. Saboda wannan aiki ne aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921. Ƙwayar haske kuwa daga baya aka raɗa mata suna foton.

Tsanin da ke cikin ƙwayar zarra

Kowane abu a duniya, dutse da ruwa da iska da jikin mutum, an gina shi da ƙwayoyin zarra, waɗanda ake kira atom. In aka jera su a layi, sai an sami miliyoyi kafin su cika milimetir ɗaya. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna a Ingila cewa kusan dukan nauyin atom yana dunƙule a wani ɗan ƙwallo na tsakiya, elektoron kuwa suna kewaye da shi. In da atom zai kumbura ya kai girman filin wasan ƙwallo, ƙwallon tsakiyar ba zai wuce ƙwayar hatsi ba. Amma a nan ma tsohon ilimi ya kasa, domin a lissafinsa elektoron mai kewaya dole ya rasa ƙarfinsa ya faɗa cikin ƙwallon tun kafin a ƙyafta ido, duniya duka ta rushe.

A 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Danmak, ya ɗauko ƙwayar Planck ya shigar da ita cikin atom. Ya ce elektoron ba ya zama inda ya ga dama. Yana da matakai ƙidayayyu kamar na tsanin hawa rumbu: mutum yana iya tsayawa a mataki na ɗaya ko na biyu, amma babu wurin sa ƙafa tsakaninsu, kuma babu mataki ƙasa da na fari. In elektoron ya sauko daga mataki na sama zuwa na ƙasa, sai ya saki ƙwayar haske guda, launinta kuwa gwargwadon nisan da ke tsakanin matakan. Kowane irin atom da irin tsaninsa, saboda haka kowanne da launukansa, kamar yadda kowane gida yake da shaidar da yake yi wa dabbobinsa. Ana iya gwada wannan a murhu. In aka barbaɗa gishiri a harshen wuta sai ya yi rawaya. In aka barbaɗa kanwa, rawayar nan ce dai za ta fito, domin gishiri da kanwa duka suna ɗauke da atom iri ɗaya mai suna sodiyom. Jan ƙarfe kuwa tsanwa yake bayarwa. Ta wannan hanya masana suke sanin abin da ke cikin taurari ba tare da sun je ba. Iskar da ake kira eliyom, a cikin hasken rana aka fara ganin shaidarta a 1868, sai a 1895 aka same ta a doron ƙasa.

Ƙofa biyu

Har nan abin bai yi wa hankali nauyi ba. Nauyin yana gaba, kuma ya samo asali ne daga dalilin da ya sa masana suka ƙi maganar Einstein tun farko. Ba taurin kai ba ne kawai, suna da hujja.

In mutum ya jefa duwatsu biyu a tabkin Madarunfa da sanyin safiya, zai ga igiyoyin ruwa suna buɗewa daga wuri biyu har su haɗu. Inda tudun wannan ya gamu da tudun waccan, ruwa yana ƙara tashi. Inda tudu ya gamu da kwari, sai su kashe juna, ruwa ya kwanta lumui. A farkon ƙarni na 19 wani likita na Ingila, Thomas Young, ya nuna cewa haske ma haka yake yi. In aka bi da shi ta tsaga biyu ƴan sirara masu kusa da juna, abin da ke fita a bango ba layi biyu ba ne, zane ne mai ratsi-ratsi, haske da duhu, haske da duhu. Wato haske ya haɗu da haske sun haifi duhu. Tsakuwa ba ta yin haka, sai igiya. To ga gwaji ɗaya yana cewa haske igiya ne, ga wani yana cewa ƙwaya ne, kuma babu na ƙarya a cikinsu.

A 1924 wani ɗan gidan sarauta na Faransa, Louis de Broglie, ya ƙara dagula lissafi a takardarsa ta neman digirin dokta a birnin Pari. Ya ce in haske, wanda aka sani igiya ne, yana da halin ƙwaya, to elektoron ma, wanda aka sani ƙwaya ne, yana da halin igiya. A 1927 gwaji ya gaskata shi a Amurka da Biritaniya. Wani abin dariya a nan: J. J. Thomson ya sami kyautar Nobel a 1906 bayan ya gano elektoron a matsayin ƙwaya, ɗansa na cikinsa George ya sami tasa a 1937 don ya nuna cewa igiya ne.

Gwajin tsaga biyu da elektoron an yi shi a Jamus a 1961, sa'an nan a 1989 masana a ƙasar Japan suka ɗauki hotonsa daki-daki, kuma shi ne zuciyar wannan ilimi duka. Ana sakin elektoron ɗaya bayan ɗaya, ba a sakin na biyu sai na fari ya isa. A gabansu akwai shamaki mai ƙofa biyu, a bayan shamakin kuwa akwai allo wanda yake nuna inda kowanne ya sauka. Kowane elektoron yana sauka a wuri ɗaya tak, ɗigo guda, kamar tsakuwa. Ba a taɓa ganin rabinsa a nan rabinsa a can ba. Ɗigon farko suna warwatse kamar ba su da tsari. Amma in suka kai dubbai, sai ga zanen nan mai ratsi-ratsi ya fito, irin na igiyoyi biyu da suka haɗu. Da wa elektoron ɗin ya haɗu, alhali shi kaɗai ne a hanya?

In aka rufe ƙofa ɗaya, ratsin ya ɓace, elektoron suna sauka har a wuraren da dā suke duhu. A lura da wannan da kyau: akwai wurin da elektoron yake zuwa in ƙofa ɗaya ce a buɗe, amma in aka buɗe masa ta biyu sai ya daina zuwa. Ƙarin hanya ya zama hani. Babu yadda za a fahimci haka sai an yarda cewa tafiyar elektoron guda ta shafi ƙofofin duka biyu.

Masana suka ce to bari a sa mai gadi a bakin ƙofa, wato wata na'ura mai nuna ta inda kowanne ya bi. Da aka yi irin wannan gwaji, kowace ƙwaya ta ƙofa ɗaya aka same ta, ko dama ko hagu, amma zanen mai ratsi-ratsi ya ɓace gaba ɗaya. Ba a samun biyun a lokaci guda: ko a san hanya a rasa zane, ko a sami zane a rasa sanin hanya. A nan ne mutane da yawa suke ɓata, suna cewa wai idon mutum ko tunaninsa ne ke canza abu. Ba haka ba ne. Mai gadin ba lalle ya zama mutum ba. Duk abin da ya taɓa elektoron a hanya har ya ɗauki alamar inda ya bi, ko ƙwayar iska ce, ko ta haske, ya isa ya ɓata zanen, ko akwai mai kallo ko babu. Wannan ne kuma ya sa ba a taɓa ganin jaki ya shiga gida ta ƙofa biyu ba. Babban abu kullum iska da haske da ƙura suna taɓa shi ta kowane gefe, masu gadinsa ba su ƙirguwa.

Abin da ake iya sani

Cikakken lissafin ya zo ne a 1925 da 1926. Werner Heisenberg, Bajamushe ɗan shekara 23, ya gudu zuwa tsibirin Helgoland a watan Yuni 1925 saboda atishawar furanni ta dame shi, can ya samo hanyarsa. Daga wannan aiki ne ake ƙirga shekara 100 da aka ambata. Erwin Schrödinger, ɗan Ostiriya, ya zo da tasa hanya a 1926, aka duba aka ga duk gida ɗaya suke zuwa. A shekarar nan kuma Max Born ya faɗi abin da igiyar take nufi. Ba ta cewa ga inda elektoron zai sauka. Abin da take faɗi shi ne inda ya fi yiwuwa a same shi, da inda bai cika yiwuwa ba, da inda ba zai yiwu ba sam.

Manomi ma ya san irin wannan ƙiyasi. In ya shuka iri ɗari yana iya cewa wajen tamanin za su tsiro, ba tare da ya san waɗanne ba. Amma akwai bambanci babba. Irin da bai tsiro ba yana da dalili a ɓoye, ko ƙwaro ya ci shi, ko ya faɗa wuri busasshe, wanda ya bincika zai gani. Elektoron biyu kuwa ba su da bambanci ko kaɗan, an sake su ta hanya ɗaya, amma wannan ya sauka dama wancan hagu, kuma ba a sami wani ɓoyayyen dalili a jikinsu ba.

A 1927 Heisenberg ya ƙara wata ƙa'ida. Ba a iya tsai da wurin da ƙwaya take da irin gudun da take yi, duka biyu daidai, a lokaci guda. In ɗaya ya fito sarai sai ɗayan ya dushe. Mai ɗaukar hoton doki a sukuwar sallah ya san kamar haka: hoton da ya fito tsaf yana nuna inda dokin yake amma ba ya nuna gudunsa, wanda ya yi jirwaye yana nuna gudu amma ba ya tsai da wuri. Sai dai misalin ya tsaya a nan, domin shi doki yana da wurinsa da gudunsa ko an ɗauki hoto ko ba a ɗauka ba, ita kuwa ƙwaya ba laifin na'ura ba ne, halinta ke nan. Kuma halin yana da amfani. In aka matse elektoron a ƙuntataccen wuri sai motsinsa ya ƙaru, shi ya sa ba ya faɗawa cikin ƙwallon atom.

Einstein, wanda da hannunsa aka buɗe wannan ƙofa, bai yarda da inda ta kai ba. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Born a Disamba 1926 ya ce shi bai yarda ana tafiyar da halitta da caca ba. A taron masana 29 da aka yi a birnin Burusel na Beljik a Oktoba 1927, inda Marie Curie ce kaɗai mace, shi da Bohr sun yi ta muhawara safe da yamma. A 1935 ya kawo hujjarsa mafi ƙarfi. Lissafin yana cewa ana iya haifar ƙwayoyi biyu tagwaye, a raba su nesa, in aka auna ɗaya sai sakamakon ɗayar ya dace da shi. Einstein ya ce ai wannan kamar takalmi ne da aka sa ƙafa ɗaya a buhu zuwa Tawa, ɗaya zuwa Damagaram: wanda ya buɗe nasa ya ga na dama ya san na hagu ne a can, domin tun a gida aka raba su haka. A 1964 John Bell ya nuna cewa ana iya gwada wannan magana, domin in tun a gida aka shirya amsa, dacewar tagwayen tana da iyakar da ba za ta wuce ba. A 1982 Alain Aspect, Bafaranshe wanda ya taɓa koyarwa shekara uku a Yawunde ta Kamaru, ya yi gwajin a Orsay kusa da Pari. Dacewar ta wuce iyakar. Shi da wasu masana biyu aka ba kyautar Nobel ta 2022. Ba a iya aika saƙo ta wannan hanya, kuma har yau masana ba su haɗu a kan fassarar abin ba, amma lissafin bai taɓa saɓa wa awo ba.

Dutsen Arlit

Wannan magana ta yiwuwa tana da misali a cikin ƙasar Nijar, a ƙarƙashin rairayin arewa. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, ramin Akuta kuwa ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Tun 1896 Henri Becquerel ya gano cewa wannan ƙarfe yana fitar da wani tururi marar ganuwa ba tare da an taɓa shi ba, amma sai a 1928 George Gamow ya bayyana dalili. A cikin ƙwallon atom na uraniyom akwai wani ɗan gutsure wanda yake tsare kamar akuya a garke mai doguwar katanga, ba shi da ƙarfin tsallakewa. A tsohon ilimi zai zauna nan har abada. Amma tun da yana da halin igiya, igiyar kuwa tana ɗan yoyo ta cikin katangar, akwai ƴar yiwuwa ƙanƙanuwa a wayi gari a gan shi a waje, bai tsallaka ba, bai fasa ba.

Babu wanda zai iya nuna atom ɗaya ya ce yau zai fashe, ko sai bayan shekara miliyan. Amma in suna da yawa lissafin ba ya kuskure: rabin uraniyom irin wanda ya fi yawa a dutse yana rikiɗa cikin shekara wajen miliyan 4,500. Wuta ba ta gaggauta shi, ruwa ba ya kashe shi, babu maganin da ke tsai da shi. Cikin jikokin da yake haifarwa a hanyar rikiɗarsa akwai wata iska mai suna radon, marar wari marar launi, wadda rabinta yake fashewa cikin kwana huɗu ba kaɗan. Shaƙarta shekara da shekaru yana kawo ciwon daji na huhu. Shi ya sa ake hura iska cikin ramukan haƙa dare da rana, shi ya sa kuma ba a son a gina ɗaki da duwatsun da aka fitar daga rami, ko a ɗauki tarkacen ƙarfen wurin haƙa a ƙera kayan gida da shi.

Tun da ana maganar lafiya, akwai wani abu da ya kamata a faɗa a fili. A garuruwa da dama na Afirka ta Yamma ana yawo da wata ƴar na'ura da aka liƙa wa sunan kwantom. Ana ba mutum wani ɗan ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, cikin minti ɗaya kwamfuta ta fitar da jerin cututtukan hanta da ƙoda da jini, sa'an nan a sayar masa da magani mai tsada. Babu wata ƙa'ida a cikin wannan ilimi da ta ba ƙarfen da aka riƙe a hannu ikon ganin hanta. Sunan aka ara don ya yi wa kunne nauyi. Na'urorin asibiti da suka fito daga wannan ilimi da gaske, kamar na hoton ƙashi da na hoton ƙwaƙwalwa da hasken leza na aikin ido, ba a ma kiransu da wannan suna, kuma ma'aikatan da suka yi karatun abin ne ke riƙe da su.

Farantin rana

Ɗan ƙaramin makunnin da ake kira taranzisto, wanda aka ƙera a Amurka a 1947, daga lissafin matakan elektoron ya fito. Shi ne ya ba ƙaramin akwatin radiyo sunansa, kuma akwai miliyoyinsa a cikin kowace wayar salula. Farar tocilar da ta kori fitilar kananzir daga kasuwannin dare ita ma tsanin Bohr ne ke aiki a cikinta: elektoron yana saukowa mataki, yana sakin foton. Masana uku ƴan asalin Japan da suka ƙera shuɗin irinta, wanda da shi ake samun farin, sun karɓi kyautar Nobel ta 2014.

Amma abin da ya fi shafar ƙasar da rana ta wadata shi ne farantin hasken rana, wanda jama'a suke kira panno. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991, wanda kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta ONERSOL tun daga 1969, lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. An buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023.

Farantin ana yin sa da silisiyom, wanda ake tacewa daga dutse irin na farin rairayi, na farko mai amfani kuwa an ƙera shi a 1954. Aikinsa maganar goruba ce. Foton ɗaya ya bugi elektoron ɗaya ya ɗaga shi zuwa matakin da zai iya gudu cikin waya. Hasken rana kuwa gauraye yake. Wani kashi nasa ƙwayoyinsa ba su kai kuɗin matakin ba, sai su wuce a banza komai yawansu. Masu tsada, kamar shuɗi, suna biyan fiye da kima, kuma ba a ba su canji, rarar tana zama zafi. Saboda haka tun 1961 aka lissafa cewa faranti mai hawa ɗaya ba zai iya mai da fiye da wajen kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauka a kansa wutar lantarki ba. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, murabba'in metir ɗaya yana karɓar ƙarfin da ya kai wat 1,000, farantin kasuwa mai kyau kuwa wajen wat 200 yake fitarwa daga ciki. Ma'aikacin da aka kawo wa takardar sayen faranti don rijiyar gari ko ɗakin haihuwa yana iya auna faɗinsa da metir ya gwada da adadin da aka rubuta a bayansa. Zafin watan Afrilu yana rage abin da faranti yake bayarwa, ƙurar hunturu kuwa tana tare ƙwayoyin haske tun kafin su isa, sai an riƙa share shi da tsumma mai laushi da safe kafin ya ɗauki zafi.